Cingam Marar Sukari: Abin Da Ke Bayan Fakiti Ya Fi Na Gabansa Muhimmanci

A ranar 14 ga watan Yuli na shekarar 2023, Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya sinadarin zaƙi da ake kira asfatam cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. A wannan rana ɗin kuma, kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ce bai ga dalilin rage adadin asfatam da aka yarda mutum ya ci a kullum ba. Waɗannan bayanai biyu da suka fito lokaci guda sun jefa masu saye cikin ruɗani, kuma cingam marar sukari na daga cikin kayayyakin da abin ya fi shafa, domin kuwa galibinsa na ɗauke da wannan sinadari.

Maganar ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye, tun daga mai shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, zuwa mai sari a kasuwar Singa ta Kano, har zuwa mai tireda a bakin titi. Wanda likita ya hana shi sukari yakan nemi cingam marar sukari, wani kuma yakan ƙara da cewa ba ya son wanda aka saka wa sinadaran zaƙi na ƙirƙira. Bukatu ne guda biyu daban, amma sau da yawa mai saye da mai sayarwa kan ɗauke su a matsayin abu ɗaya. Rubutun da ke gaban fakiti mai cewa babu sukari gaskiya ne, sai dai bai ce babu asfatam ba.

Abin da ke cikin ƙwayar cingam

Kowane cingam yana da sassa uku: ɗankon da ake taunawa, da abin zaƙi, da abin ƙamshi. A da can, ana samun ɗankon ne daga ruwan wata bishiya da ke fitowa a ƙasar Meziko da makwabtanta, amma a yau yawancin masana'antu suna amfani da ɗanko na roba da aka sarrafa a masana'anta. Wannan ɗanko bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin cingam ba. Fiye da rabin nauyin cingam na gargajiya kuwa sukari ne. Saboda haka idan aka cire sukari, tilas ne a nemo abin da zai cike gurbinsa ta fuskar nauyi da ta fuskar zaƙi.

Masana'antu suna cike wannan gurbi ne da kaya iri biyu. Iri na farko su ne dangin sukari, watau sobitol, da manitol, da maltitol, da isomalt, da zailitol, da kuma eritiritol. Waɗannan su ne ke ba cingam jiki da nauyi. Ana samun wasu daga cikinsu kaɗan-kaɗan a cikin 'ya'yan itatuwa, amma waɗanda ke kasuwa a masana'anta ake sarrafa su: sobitol daga sitacin masara ko alkama ko rogo, zailitol kuma daga totuwar masara ko itacen wata bishiya ta ƙasashen sanyi.

Iri na biyu su ne sinadaran zaƙi na ƙirƙira, waɗanda ɗan ƙanƙani daga cikinsu ke ba da zaƙi mai yawa. Sakarin ne ya fara fitowa, an gano shi a shekarar 1879 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Asfatam kuma wani masanin haɗa magunguna mai suna James Schlatter ne ya gano shi a 1965 a kamfanin Searle. Asesulfam ya biyo baya a 1967 a kamfanin Hoechst na Jamus, sannan sukuralos a 1976 a birnin Landan. Mafi yawan cingam marar sukari na manyan kamfanoni yana ɗauke da kaya daga iri biyun a lokaci guda.

Dalilin da ya sa ake haɗa su

Dalilin wannan haɗi lissafi ne na kasuwanci. Sobitol shi ne mafi araha a cikin dangin sukari, amma zaƙinsa bai wuce kashi 60 cikin 100 na zaƙin sukari ba. Bugu da ƙari, yana saurin narkewa a cikin miyau, ta yadda bayan 'yan mintuna mai tauna zai ji ɗanko ne kawai ya rage a bakinsa. Asfatam da asesulfam kuwa sun ninka sukari zaƙi kimanin sau 200, sukuralos kuma kimanin sau 600. Watau kilo ɗaya na asfatam yana ba da zaƙin buhu huɗu na sukari masu nauyin kilo 50, kilo ɗaya na sukuralos kuma yana ba da na buhu 12. Har ila yau, masana'antu sun iya lulluɓe ƙwayoyin waɗannan sinadarai ta yadda za su riƙa sakin zaƙinsu sannu a hankali, cingam ya daɗe yana da ɗanɗano.

Daɗin daɗawa, haƙƙin mallakar asfatam ya ƙare a Amurka a shekarar 1992, kamfanoni da yawa suka shiga sarrafa shi, musamman a ƙasar Sin, farashinsa ya faɗi. Wannan ya sa har wasu nau'o'in cingam masu sukari ana ƙara musu asfatam ko asesulfam domin zaƙinsu ya daɗe. Don haka wanda ya koma ga cingam mai sukari domin ya guje wa sinadaran ƙirƙira yana iya haɗa biyun a bakinsa ba tare da ya sani ba.

Sauya kayan zaƙi ba ƙaramin al'amari ba ne ga kamfani. A shekarar 2015 kamfanin Pepsi ya cire asfatam daga lemonsa marar sukari a Amurka saboda ƙorafin jama'a, amma a 2016 sai ya maido da nau'i mai asfatam cikin kasuwa, domin masu sha da dama ba su ji daɗin sabon ɗanɗanon ba. Kamfanonin cingam ma suna sane da wannan darasi, shi ya sa ba su yi gaggawar sauya haɗinsu ba.

Abin da hukumomin lafiya suka ce

Rukunin da aka sanya asfatam a ciki shi ne wanda ake kira 2B, watau na uku a jerin matakan cibiyar ta Liyon. Ma'anarsa ita ce akwai 'yar shaida amma ba ta kai ga tabbaci ba. Naman da aka sarrafa a masana'anta yana rukuni na ɗaya tun 2015, jan nama kuma yana rukunin 2A, dukkansu suna sama da asfatam ta fuskar ƙarfin shaida. Wannan jeri yana auna ƙarfin shaidar ne kawai, ba ya auna yawan abin da mutum zai ci kafin ya cutu.

Aikin auna yawan na kwamitin ƙwararru ne, kuma ya bar iyakar a kan miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mutum mai nauyin kilo 70 ke nan iyakarsa miligiram 2,800 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da misali da cewa irin wannan mutum sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari a rana kafin ya ƙetare iyakar. Ƙwayar cingam kuwa 'yan miligiram ƙalilan ne a cikinta, saboda haka sai mutum ya tauna ɗaruruwa a yini ɗaya.

Wata biyu kafin wannan, a watan Mayu na 2023, hukumar ta ba da shawarar cewa kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari domin rage ƙiba, saboda ba su nuna amfani mai ɗorewa ba ta wannan fuska. Shawarar ta haɗa har da sitibiya, duk da cewa daga ganye ake samunta. Ba ta haɗa da dangin sukari irin su sobitol da zailitol ba, haka kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba.

Akwai rukuni ɗaya na mutane da asfatam ke da tabbataccen haɗari a gare su, watau masu wata cuta ta gado da ake kira fenilketonuriya, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa wani sinadari mai suna fenilalanin da ke cikin asfatam. Cutar ba ta da yawa, amma saboda ita dokokin Amurka da na Tarayyar Turai suka tilasta a rubuta gargaɗi a jikin duk kayan da ke ɗauke da asfatam. Ban da waɗannan, akwai masu cewa yana jawo musu ciwon kai, akwai kuma waɗanda suka zaɓi su kauce masa don rigakafi kawai. Kowanne daga cikinsu yana da haƙƙin ya san abin da yake saye.

Zaɓin da ya rage wa mai saye

Wanda ke son cingam da babu sukari kuma babu sinadaran ƙirƙira, babban zaɓinsa shi ne cingam mai zailitol zalla. Zaƙin zailitol daidai yake da na sukari, saboda haka ba ya bukatar taimakon asfatam. Ƙarfin da yake bai wa jiki kalori 2.4 ne a kowane giram, alhali sukari yana ba da 4, kuma ba ya tayar da sukarin jini da sauri. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori ba sa iya cin moriyarsa kamar yadda suke yi da sukari. A ƙasar Finland ne aka fara nazarinsa sosai, a Jami'ar Turku, cikin shekarun 1970, kuma a can ne aka fitar da cingam mai zailitol na farko a 1975, mai suna Jenkki. A yau akwai ƙananan kamfanoni da suka gina kasuwarsu a kan wannan zaɓi, kamar PUR na ƙasar Kanada da Spry na Amurka.

Sai dai a lura, ganin sunan zailitol da manyan haruffa a gaban fakiti ba ya nufin shi kaɗai ne a ciki. Wasu kamfanoni kan saka kaɗan daga cikinsa, sauran kuma sobitol ne da asfatam. Zaɓi na biyu shi ne cingam da aka haɗa dangin sukari da sitibiya, wani tsiro da asalinsa daga ƙasashen Paraguwai da Barazil ne, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011. Na uku shi ne ƙaron mastik, wanda ake samu daga wata bishiya a tsibirin Kiyos na ƙasar Girka, ana tauna shi haka nan ba tare da wani abin zaƙi ba.

Cingam mai zailitol zalla yana da nasa naƙasu ta fuskar ciniki. Ya fi tsada, domin zailitol ya fi sobitol wahalar sarrafawa, kuma zaƙinsa kan gushe da wuri. Mai saye da bai san dalili ba zai iya zaton an sayar masa da tsohon kaya. Idan mai shago ya yi masa bayani tun farko, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dangin sukari ma suna da iyaka

Hanji ba ya tsotse dangin sukari gaba ɗaya, saboda haka idan aka ci da yawa sukan jawo kumburin ciki da zawo. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta wannan gargaɗi a jikin duk abincin da aka saka masa dangin sukari fiye da kashi 10 cikin 100. A watan Janairu na 2008, mujallar likitocin Birtaniya ta buga rahoton wasu likitoci na birnin Balin game da marasa lafiya biyu da suka daɗe suna fama da zawo da rama, ɗaya ta rage kilo 11, ɗayan kuma kilo 22. Da aka bincika sai aka tarar suna tauna cingam mai sobitol har kimanin 15 zuwa 20 a rana. Da suka daina, zawon ya tsaya, jikinsu ya fara dawowa.

Haka kuma, masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka sun buga sakamako a 2023 game da eritiritol, da kuma a 2024 game da zailitol, inda suka ga alaƙa tsakanin yawansu a cikin jini da saurin daskarewar jinin. A gwajin da suka yi sun bai wa mutane giram 30 ne a cikin abin sha, alhali abin da ke cikin ƙwayar cingam bai wuce kimanin giram ɗaya ba. Duk da haka mai ciwon zuciya ya kamata ya tuntuɓi likitansa. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa maltitol ya fi sauran danginsa tayar da sukarin jini. Wani abin lura shi ne zailitol guba ne ga kare, ko da kaɗan ne, don haka masu karnukan gadi a gida ko a sito su kiyaye inda suke ajiye shi.

Game da haƙori, amfanin da aka fi tabbatarwa yana zuwa ne daga taunar kanta. Tauna cingam marar sukari na tsawon minti 20 bayan cin abinci tana ƙara miyau, miyau kuma yana wanke tsamin da ke cin haƙori. Amma wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2015 ya nuna cewa shaidar fifikon zailitol wajen hana ruɓewar haƙori ba ta da ƙarfi sosai. Cingam ba ya maye gurbin buroshi ko asuwaki.

Yadda ake karanta fakiti

Jerin kayan haɗi yana bayan fakiti, kuma ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a sauka zuwa mafi ƙanƙanta. Tun da sinadaran ƙirƙira kaɗan ake sakawa, sunayensu kan zo can kusa da ƙarshe, inda ido ba ya saurin kaiwa. Da Turanci ana rubuta su kamar haka: aspartame, acesulfame K, sucralose, saccharin. A kayan Turai da na Turkiyya da na ƙasashen Larabawa sau da yawa lamba ake sakawa: E951 asfatam ne, E950 asesulfam, E955 sukuralos, E954 sakarin. Dangin sukari kuma lambobinsu su ne E420 sobitol, E421 manitol, E953 isomalt, E965 maltitol, E967 zailitol, E968 eritiritol. Sitibiya tana ƙarƙashin E960. Hanya mafi sauƙi ta gane asfatam ita ce a nemi gargaɗin da ke ɗauke da kalmar phenylalanine. Rubutun da ke cewa babu asfatam shi ma bai wadatar ba, domin ana iya maye gurbinsa da sukuralos.

Kamfani ɗaya yana iya sauya haɗin cingam mai suna ɗaya daga wata ƙasa zuwa wata, saboda haka abin da aka karanta a jikin wanda aka saya a Dubai ba lallai ne ya yi daidai da na Legas ba. Akwai kuma kalmar da kan tayar da hankalin wasu masu saye: a kayan Amurka ana kiran dangin sukari da sunan sugar alcohol. Wannan suna ne na ilmin kimiyya kawai, babu giya a cikinsu kuma ba sa sa maye. Abin da ya fi cancantar bincike ga mai kula da halal shi ne jelatin, wanda ake samu daga fata ko ƙashin dabbobi, kuma wasu nau'o'in cingam suna ɗauke da shi.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Kasuwar cingam ta duniya tana hannun kamfanoni ƙalilan. Kamfanin Mars ya sayi Wrigley a 2008 a kan Dala biliyan 23, sannan a 2023 kamfanin Perfetti Van Melle ya sayi harkar cingam ta Mondelez a Amurka da Kanada da Turai a kan Dala biliyan 1.35. Cingam marar sinadaran ƙirƙira kuwa ƙaramin ɓangare ne na kasuwar, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 duk kayan da ake shigowa da su sun ƙara tsada. Amma masu bukatarsa suna nan. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Nijeriya. Hikima ita ce a fara da katan kaɗan, a kai shagunan magani da manyan kantuna, a ga yadda za su karɓu kafin a zuba jari mai yawa.

Mai shigo da kaya ya kamata ya san cewa a tsarin lambobin kwastan na duniya, cingam mai sukari yana ƙarƙashin lamba 1704, marar sukari kuma galibi ana sanya shi ƙarƙashin 2106. Kuskuren lamba yana iya jawo jinkiri a tashar jirgi da ƙarin kuɗin ajiya, don haka a tantance da wakilin fito tun kafin kaya su taso. Dole ne kuma kayan su sami rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tare da cikakken jerin kayan haɗi da ranar da za su lalace. Cingam da aka zazzage daga fakitinsa ana sayarwa ɗai-ɗai a cikin kwalba ya rabu da duk wannan bayani. Wajen ajiya kuma, zafi da danshi kan rage zaƙin asfatam, sobitol kuma yana jan laima, saboda haka sito mai sanyi da bushewa shi ne ya dace.

Akwai kuma dama ga masu samar da ɗanyen kaya a cikin gida. A shekarar 2022 kamfanin Psaltry ya buɗe masana'antar sarrafa sobitol daga rogo a jihar Oyo, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Ƙaro, mai lamba E414, wanda ake samu a jihohin Borno da Yobe da Jigawa, yana cikin abubuwan da ake lulluɓe ƙwayar cingam da su, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya girgiza kasuwarsa, kasancewar Sudan ce babbar mai fitar da shi.

A taƙaice, ga mutum mai lafiya da ke tauna ƙwaya biyu ko uku a rana, hukumomin lafiya ba su ga haɗari a cingam mai asfatam ba. Ga wanda ya zaɓi ya kauce masa, akwai mafita a zailitol zalla ko haɗinsa da sitibiya, da sharaɗin ya yarda da tsadarsa kuma ya kiyaye yawan da yake taunawa. Shi kuwa mai shago, idan aka tambaye shi cingam marar sinadarai, abin da ya dace shi ne ya juya fakitin su karanta tare da mai saye. Mai ciwo da aka gaya wa gaskiya yakan dawo, har ya kawo wani.